Ba a Yanka Wayar Bala

Doguwa, 6 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Bushira,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da ɗalibanki na firamare a can Ƙofa. Mu nan lafiya lau, damina ta zauna, masara ta wuce gwiwa. Ni ma jikina garau in ban da kunnen nan, wanda yanzu ko tsawa aka yi sai dai in ga kaji sun watse. Saboda haka ki daina ƙona katinki kina kirana a salula. Ɗahiru direba kullum yana bi ta Kwanar Ɗangora kusa da ku, takarda ta hannunsa ta fi mini.

Abin da ya sa na ɗauki biro maganar Tsanwa ce, tsohuwar bas ɗina da aka kai ki ɗakin miji a cikinta. Shekara uku ke nan da ta tsiro da wani hali. Da safe tana sanyi, murɗa makulli ɗaya ta tashi. Amma in ta yi tafiya ta ɗau zafi na kashe ta, to sai wani ikon Allah. In murɗa, in sake murɗawa, ko motsi. Waɗanda Allah ya bar wa kunne sun ce takan ce ƙas sau ɗaya, ta yi gum. Na canza batir sau biyu. Na sa an kwance kik, abin da ke juya inji ya tashi, an wanke an mayar. Wani rewaya a Tudun Wada ya shiga ƙarƙashinta ya taɓa bakin kik da sukudireba, nan take ta tashi, ya karɓi na goro, washegari ta koma gidan jiya.

Ni dai abin bai dame ni ba. Allah ya yi Doguwa da tudu da gangare, duk inda zan tsaya sai in juya hancinta ƙasa in sa waji in tokare taya, in zan tafi in sake ta ta gangara ta kama. Matsalar ranar kasuwar Tudun Wada ce, in na kai matan rugage da nononsu, don can fili ne shimfiɗe kamar faifai. Nan kam sai su ajiye ƙore su ɗaure zane su tura. Shekara goma sha bakwai muna tare da matan nan, ba wadda ta taɓa yi mini ƙorafi.

Mai ƙorafin a cikin gidana yake. Yayanki Ja'afar, ɗan cikina, tunda ya buɗe shago ya sayi babur, ya zama uban kowa. Wai na tsufa, ba na ji, motar kuma ta mutu, in ba shi makulli ya kira 'yan gwangwan su farfasa ta su auna a kilo, ni kuwa in zauna a zaure ina korar ƙuda. Na ce masa duk ranar da ya ga makullin Tsanwa a hannunsa, to ya tabbata an riga an kai ni makwanci.

Ki sa maigidanki in ya shiga Kano ya nemo mini kik ɗan kwatano mai kyau. Kada Ja'afar ya ji.

Baffanki,
Ɗanliti mai Tsanwa

Ƙofa, 9 ga Yuli

Zuwa ga Baffana,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu ma nan ƙalau, sai ƙaramin da ya yi zazzaɓi kwana biyu, ya kuma warware. Ka gai da mutanen gida.

Baffa, ka gafarce ni, ban aika a sayo kik ba, kuma ba zan aika ba. Kai da kanka ka rubuto maganin ba ka lura ba. Kik ɗin da aka taɓa da sukudireba ya juya inji, ai lafiyarsa lau. Abin da mutumin ya yi shi ne ya ba shi wuta kai tsaye daga batir. In da makulli ne kuwa, sai wutar ta taso daga batir, ta hau gaban mota, ta ratsa makunni, sannan ta biyo doguwar waya har ƙarƙashi. Kafin ta isa ta rage, kamar ruwan da aka koro ta tsohuwar kwata zuwa ƙarshen lambu. Da safe ɗan abin da ya isa yakan wadatar. In kik ya gasu da zafin inji ya fi neman wuta, bai samu ba, sai ya ce ƙas ya tsaya. A taƙaice dai, wayar da marigayi Baba ya ɗaura wa motar ce ta gaji.

Ga wani ɗan baƙin abu nan na ƙulle a leda, rile ake ce masa. Bai fi akwatin ashana ba, ƙafafunsa huɗu. Shi za a sa a tsakani. In ka amince sai in zana maka yadda ake haɗa shi. Kar ka manta 'yar rewaya ce ni, tun ina 'yar mitsitsiya nake miƙa wa Baba tef a gindin mangwaro.

Maganar Yaya Ja'afar, bakina ƙanin ƙafata. Amma turin mota da mata ke yi a cikin taɓon damina bai kwanta mini a rai ba.

'Yarka,
Bushira

Doguwa, 11 ga Yuli

Bushira,

Lafiya muke. Ga akwatin ashanarki na mayar miki, kya hura murhu da shi.

Wayar Bala ta gaji, in ji 'yar Bala. Ashe haka boko ke mayar da mutum. Ƙanena yana tari, ƙafa a kumbure, ya yi kwana tara yana shiga ƙarƙashin motar nan, yana zare wayoyin da ɓeraye suka cinye, yana ɗaura sababbi ɗaya bayan ɗaya. Shi ne aikinsa na ƙarshe a duniya. Da ya gama ya goge hannu ya ce mini, "Yaya, wannan har jikoki." Shekara goma sha ɗaya ban bar fulayar kowa ta taɓa wayar nan ba. Ja'afar na so ya sa wa motar guduma, ke kina so ki sa wa aikin ubanki reza. To ba ɗayanku da zai samu.

Kada ki sake aiko mini da wannan magana.

Ɗanliti

Ƙofa, 2 ga Agusta

Zuwa ga Baffana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ko ka amsa ko ba ka amsa ba. Mako uku ke nan, na aika takarda biyu ta gaisuwa, Ɗahiru ya ce ka karɓa ka cusa a aljihu ka juya masa ƙeya. Mu dai muna lafiya, an ba mu hutu.

Ka ce kada in sake tayar da maganar. Baffa, zan tayar, ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama. A bakin Ɗahiru nake jin wai Inna Hauwa mai nono ta zame a taɓo wajen turin Tsanwa, ta karye a hannu. Kuma wai an tara maka Liman da dattawa, ka yi rantsuwa a gabansu. Ni 'yarka sai a bakin hanya zan ji wannan? Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi kuka, kuma fushi nake yi da kai.

A ina na rubuta reza? Sake duba takardata. Na ce waya ta gaji, ban ce ta yi laifi ba. Kai ma ka gaji a kunne, wa ya isa ya ce a yanke ka? Sannan rile ɗin da ka mayar mini, ba a kasuwa na saye shi ba. A akwatin kayan aikin Baba na ɗauko shi, cikin gwangwanin madarar da yake tara su. A gabana ya sa wa motocin mutane irinsa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Kayan ƙanenka ka mayar.

Ga shi na sake aikowa, da wayoyi da zane. In ka mayar, in sake aikowa, mu ga wanda zai gaji tsakanina da kai, tunda taurin kan a gidanku na gaje shi.

Ka fara cire kan batir. Ka sa giya a firi, ka sa waji gaba da baya. Ka shiga ƙarƙashi ka nemi siririyar wayar da ke shiga bakin kik, wadda Baba ya naɗe da shuɗin tef. Zare ta za ka yi daga mazauninta, ba yanka ba. Ka soka ta a ƙafar rile mai lamba 86. Baƙar wayar da na haɗa a 85, ka ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen mota. Ja mai kauri, mai fis a tsakiya, daga kan batir na wuta zuwa 30. Guntuwar kuma daga 87 zuwa bakin kik, daidai inda ka zare ta Baba. Shi ke nan. In ka murɗa makulli, wayar Baba ce za ta kai umarni ga rile, shi kuma ya buɗe wa wuta gajeriyar hanya daga batir. Tana nan daram a inda ya ɗaura ta, dakon kaya kawai aka sauke mata.

Ka gaya mini rantsuwar da ka yi, da ranar da aka sa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yarka da ba ta daddara,
Bushira

Doguwa, 6 ga Agusta

'Yata Bushira,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, a gai da yara. Takardunki biyu suna nan, na karanta su tun ranar, girman kai ne ya hana ni amsawa.

Abin da Ɗahiru ya gaya miki haka ne. An yi ruwa ranar, filin kasuwa ya zama kunu. Matan suka tura, mota ta kama, na yi gaba ina murna. Sai a madubi na hango sun yi cirko-cirko, Hauwa tana kwance a taɓo. Sun ce ta yi ƙara har 'yan awaki suka waiwayo, ni ban ji komai ba. Wannan ya fi komai ci mini rai, har yau in na tuna sai abinci ya fita a kaina.

Ja'afar ya samu abin da yake nema, ya tara mini Liman da dattawan unguwa a zaurena. Kowa bakinsa na motsi, ni ina kallo. Da na gaji na miƙe na ce, na rantse ba za a ƙara tura Tsanwa ba har abada. A ba ni kasuwa uku. A ta ukun zan kai ta tsakiyar filin Tudun Wada da zafinta, in kashe a gaban Ja'afar. In ta tashi da makulli, kowa ya kama bakinsa. In ta ƙi, in miƙa masa makullin da hannuna. Da na faɗa ban san da me zan tayar da ita ba, zuciya ce kawai. Tun ranar tana ajiye, matan kuma babura ke kai su, rabin nonon na zubewa a hanya. Saura kwana biyar.

Abin naki na juya shi a rana, sai na ga ɗan harafin da Bala ke kartawa da ƙusa a jikin kayansa. Na daɗe zaune da shi a hannu. Jiya na shiga ƙarƙashi na haɗa komai yadda kika zana, lamba bayan lamba, ban yanka ko zare ba.

To Malama, albishirinki. Da can da safe tana tashi. Yanzu ko da safen ta daina. Na murɗa har yatsana ya yi ja, na sa wani mai wucewa ya saurara, ya ce ko ƙas ɗin ma babu. Maganinki ya kashe mara lafiya. Ja'afar ya leƙo ya gan ni da baƙin mai har gemu, ya girgiza kai ya wuce. Amma ko a kai zan ɗauke ta sai na kai ta Tudun Wada, ba zan miƙa makulli a zaure ba.

Baffanki,
Ɗanliti

Ƙofa, 7 ga Agusta

Baffa,

Gaisuwa a tsaye, Ɗahiru na jira a bakin titi yana danna ham.

Fenti ne. Na karanta takardarka sau uku, sai na tuna kowace sallah kana zuwa da gwangwanin koren fenti da burushi ka shafe Tsanwa ciki da waje, har ƙarƙashin da ba mai gani. Baƙar wayar 85 a kan fenti ka ɗaure ta, ba a kan ƙarfe ba, wuta kuwa ba ta ratsa fenti. Laifina ne da ban faɗa ba. Ka kwance notin, ka kankare wurin da wuƙa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ka mayar ka ɗaure tamau.

Kafin ka gwada tayarwa, ka zare guntuwar wayar 87 don kada inji ya juya kana ƙarƙashi. Ka ɗora yatsa a bayan rile, wani ya murɗa makulli. Ba sai ka ji da kunne ba, in yana aiki zai buga maka a yatsa. In ya buga, ka mayar da 87 ka fito.

Na san hannu ɗaya ba zai kai rile ya kai makulli ba, na kuma san ba ka taɓa ba kowa makullin nan ba. Ga Yaya Ja'afar a gida. Shi ma tsoro ne ke sa shi abin da yake yi, ba ƙiyayya ba.

Ina maka addu'a.
Bushira

Doguwa, 13 ga Agusta

Zuwa ga 'yata Bushira, 'yar Bala rewaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da sa albarka, ke da maigidanki da yara. Muna lafiya. Nemi wuri ki zauna, takardar yau da tsawo.

Na kankare wurin. Fenti hawa-hawa kamar ɓawon albasa, na ƙirga tara na bari. Na ɗaure, na zare 87, sai na tsaya da makulli a hannu. Kin ce Ja'afar. Na ji shawararki, amma na riga na faɗi ranar da zai riƙe makullin nan, kuma ranar ba ta zo ba.

Ina tsaye sai ga Hauwa ta ɓullo daga hanyar ruga, hannu a ɗaure cikin karan ɗori, ta rataye shi da gyale. Na rasa inda zan sa fuskata don kunya. Na fara ba ta haƙuri, ta kafa baki a kunnena na dama, wanda ya ɗan rage, ta ce, "Kai Ɗanliti, bar wannan. Hannu ya karye ya haɗe. Kosam ɗina fa, nonon da babur ke zubarwa, wa zai kwashe? Yaushe za ka tashi motarmu?"

Motarmu, ta ce. Sai kawai na miƙa mata makulli. Matar da ko keke ba ta taɓa hawa ba ta hau kujerata, na nuna mata yadda za ta murɗa da hagu. Na shiga ƙarƙashi na ɗora yatsa, na buga ƙafa a taya alamar ta murɗa. Bushira, sai na ji ɗan abin nan ya buga mini a yatsa. Ta saki, ta sake, ya sake bugawa. Shekara nawa rabona da in ji wani abu daga motar nan? Na kwanta a wurin na yi hawaye, ina kiran sunan ubanki. Hauwa ta zaci mota ce ta danne ni. Da na mayar da 87 na fito, murɗawa ɗaya ta tashi, saura a ga halinta da zafi.

Ranar kasuwa matan suka cika ta maƙil, har da waɗanda ba su da nonon sayarwa. Ja'afar ya biyo mu a babur, ga dattawa biyu 'yan shaida a wata motar, ga wani ɗan gwangwan da Ja'afar ɗin ya goyo a baya, wai ya zo ganin kaya. Da muka isa sai da na zaga kasuwar sau biyu don ta ƙara gasuwa, kada a ce na yi wayo. Na tsaya a daidai inda Hauwa ta faɗi. Na kashe, na zare makulli, na ɗaga shi sama kowa ya gani. Sannan na je na sayi kunu na zauna na sha a hankali, don na san ta fi taurin kai in ta ɗan jima a tsaye da zafinta.

Da na dawo ba matar da ta tafi talla. Wasu har sun ajiye ƙore sun ɗaure zane a bayan mota. Na ce musu duk wadda ta taɓa ta ta karya mini rantsuwa. Hauwa ta shige gaba ta zauna, ta ce a kunnena, "In ta ƙi, cicciɓar ta za mu yi. Ai a kan turi ka rantse, ba a kan ɗauka ba."

Na yi bisimilla na murɗa. Ban ji komai ba, kin san ba zan ji ba. Hannuna kuwa rawa yake tun kafin in zauna, na kasa gane rawar sitiyari ce ko tawa. Raina ya ba ni ta ƙi. Na ce to Ɗanliti, magana ta ƙare, cika alkawari. Na kai hannu zan zare makulli in miƙa wa Ja'afar, sai Hauwa ta make mini hannu, ta nuna madubi. Madubin nan dai da na hango ta a kwance. Na duba, sai ga matan sun toshe hanci suna rangaɗa guɗa, ɗan gwangwan kuwa baƙin hayaƙin Tsanwa ya lulluɓe shi yana tari.

Na kashe na sake tayarwa har sau huɗu, don dattawa su ƙoshi. Ja'afar ya zo bakin taga ya daɗe yana magana, ban ji ba, ban kuma ce a maimaita mini ba. Na dai ga idonsa ya yi ja. Da ya gama ya sunkuya da kansa ya cire wajin da na saba sawa, ya miƙo mini da hannu biyu. Maganar kunne da yake tsoro kuwa, Hauwa ta ɗauke masa. Ta ce kujerar gaba tata ce daga yau, in an yi ham a baya za ta mintsine ni. Kafin mu fita dajin Falgore cinyata ta yi tsami.

Maganar reza da na yi miki, ki yafe wa Baffanki. Wayar Bala tana nan da shuɗin tef ɗinta, ita ke tayar da motar har yanzu, kuma 'yarsa ce ta san yadda za a yi.

Jiya da na dawo gida ban juya ta ba. Na tsaya a ƙofar gida hancinta na kallon tudu, na kashe, na sa makulli a aljihu na shiga sallah. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya sake dubawa.

Baffanki,
Ɗanliti mai Tsanwa